Kamfanin IT ɗin da ke riƙe da imel ɗin ofishinmu, da yadda suka yi da maganar gyaran suna

Tauraro uku da rabi cikin biyar zan ba su, kuma rabin nan albarkacin mutum ɗaya ne a cikinsu, babban injiniyansu. Ba zan kama sunan kamfanin ba, a nan Kano suke dai, su ne suke riƙe mana imel ɗin ofis a kan Microsoft 365, su suke siyo mana lasisi su sabunta in ya ƙare, su ake kira kuma in wani abu ya lalace. Ni ce a ɓangaren admin da kula da ma'aikata a wani kamfani na saida taki da iri da maganin feshi, duk wanda aka ɗauka aiki ko ya bari ko aka canja masa sashe sai takardarsa ta bi ta teburina, shi ya sa kullum ni ce a tsakanin ma'aikatanmu da mutanen nan. Wasu da manyan abubuwa suke auna kamfanin IT, ko an taɓa yi musu kutse, ko saƙonni sun taɓa ɓacewa, toh mu Alhamdulillah ba mu ga irin wannan ba. Aikin da ya fi yawan haɗa ni da su shi ne gyara sunan da yake fitowa in mutum ya tura saƙo, kuma da shi zan auna su don a nan na ga wanda ya san aikinsa da wanda yake lalube.

Bari in fara da abin da suka yi daidai tun farko. Kafin su zo imel ɗinmu na wajen masu ajiye mana shafin intanet ne, akwatin yana cika kullum, rabin saƙonmu yana faɗawa spam ɗin kwastomomi, manajojin ma kowa Gmail ɗinsa yake amfani da shi yana tura kotashin na miliyoyi. Su suka kwashe komai suka mayar da mu Microsoft ba tare da saƙo ko ɗaya ya salwanta ba, yawancin ma'aikata aka sa su a ƙaramin lasisin da ake kira Business Basic, akwati 50GB da OneDrive 1TB, wato ma'ajiyar fayiloli a intanet, manajoji da 'yan akawu kuma Business Standard saboda suna buƙatar Excel da Outlook na kan kwamfuta. A Maris ɗin 2022 Microsoft ta ɗaga Basic daga dala 5 zuwa 6 duk mutum ɗaya a wata, sai kuma aka saki naira a Yunin 2023 dala ta yi sama, ga katin naira a lokacin ba ya biyan komai a waje, toh samun wanda zai kawo maka invois da naira ka tura masa ta banki ba ƙaramin sauƙi ba ne. Wannan kam na yaba musu, ba su taɓa barin lasisinmu ya mutu ba.

Amma sunayen da suka saka tun ranar farko kam sai a hankali. Wani Excel na albashi aka ba su suka ɗora shi yadda yake, ba wanda ya zauna ya duba, sai ga wasu sunansu duk da manyan baƙaƙe kamar ana yi maka ihu, wasu sunan mahaifi a gaba nasu a baya, wasu an yanke musu suna an bar harafi biyu. Muhammad kaɗai ya fito a rubutu kala kala, wani da o wani da u wani an gajarta shi Mohd, kuma masu sunan ba haka suke rubuta abinsu ba. Mutum ya yi shekaru yana rubuta sunansa yadda mahaifinsa ya koya masa sai ya wayi gari duk kwastoman da ya tura wa saƙo yana ganin wani rubutu daban, wallahi mutane suna jin zafin wannan fiye da yadda masu IT suke zato.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na wata ƙanwata a sashen akawu. Lokacin da aka ɗauke ta da sunan miji ta cike fom, daga baya ta koma sunan mahaifinta, dalilinta nata ne ba na kowa ba. Ta yi duk abin da ake yi, ta je kotu ta yi takardar rantsuwa, ta buga a jarida, NIN ɗinta da banki duk sun daidaita, saura imel ɗin ofis kawai. Ta shigo ofishina ta ja ƙofa ta ce, "Anti don Allah a cire min sunan nan, duk invois ɗin da na tura shi nake fara gani a sama." Na ce mata in sha Allah kafin a tashi aiki an gama, don ni a sanina aikin minti biyu ne.

Na tura musu buƙata a rubuce daga imel ɗina na ofis, don ƙa'idarsu ce ba sa taɓa sunan kowa da saƙon WhatsApp ko kiran waya, kuma ina goyon bayan wannan ƙa'idar ɗari bisa ɗari. Wani yaro sabon ɗauka suka ba aikin. Ya kira ni ya ce, "Hajiya na shiga admin center na buɗe Active users na danna sunanta amma wajen ya ƙi karɓar gyara, wai ana kawo bayanan ne daga sabar ofishinku." Na ce toh Malam ai kai ne mai aikin, ka yi yadda ake yi. Sai ya shiga sabar, wato babbar kwamfutar ofishinmu, ta AnyDesk, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, ya gyara sunan da ke fitowa, shikenan da ya tsaya nan da lafiya lau, amma sai ya ga ai tsohon sunan yana nan a sunan da take shiga da shi, sai ya ga bari ya kyautata ya canja wannan ma, bai tambaye ni ba, bai faɗa mata ba, ya rufe tikitin, wato buƙatar da na tura, ya rubuta an gama.

Washegari da safe yarinyar nan ta zo wayarta tana ta neman ta sake shiga, ta saka adireshin da ta saba da kalmar sirrinta ya ƙi, ta ɗauka an rufe mata akawun ne, kuma kun san halin da mutum yake shiga in yana cikin damuwar gida sannan ya ga kamar wajen aiki ma an juya masa baya, idonta ya ciko da ƙwalla a gabana. Ga ƙarshen wata, ga fayilolin da ta raba wa masu binciken kuɗi ta OneDrive duk mahaɗin ya daina buɗewa, saboda adireshin OneDrive na mutum da sunan shigarsa ake gina shi, in ka canja wancan shi ma ya canja. Na kira layinsu ya yi ta ringin ba a ɗauka ba, na rubuta a gurup ɗin WhatsApp an karanta an yi shiru, sai wajen azahar babban injiniyan ya kira ni da kansa yana ba da haƙuri, bai tsaya kare yaronsa ba kuma bai zage shi a gabana ba, ya ce yana hanya.

Zuwan mutumin nan shi ne ya sa ban tsaya a tauraro uku ba. Ya gaishe mu, ya fara zuwa wajenta ya ce, "Hajiya ki yi haƙuri, laifinmu ne, ba abin da ya taɓa saƙonninki, ko ɗaya bai ɓata ba," sannan ya mayar da sunan shigarta yadda yake, ya jawo kujera kusa da teburina ya ɗauki biro da takarda ya zana min akwati uku. Ya ce mutum ɗaya abu uku yake da su kuma kowanne daban ne, akwai sunan da ke bayyana, akwai sunan da ake shiga da shi, akwai adireshin da saƙo ke zuwa, na biyu da na uku yawanci iri ɗaya ake sa su shi ya sa ake ɗauka abu ɗaya ne. Ya ce canja na farko kamar sake fentin allon shago ne, na biyu da na uku kuwa tashi ne daga shagon zuwa wani layi, sai ka sanar da kowa ka shirya. Ita abin da ta nema allon ne kawai a ranar. In tana so adireshin ma ya koma sunan mahaifinta ana iya yi, a saka sabon a matsayin babba a bar tsohon a ƙarƙashi yana ci gaba da karɓar saƙo don kar na kwastomomi ya riƙa komawa, amma a zaɓi yammacin Juma'a, a faɗa mata tun da wuri, a sake tura mahaɗan OneDrive. Haka aka yi daga baya kuma ko tari ba a yi ba.

Shi ya fahimtar da ni dalilin da wajen ya ƙi gyaruwa a hannun yaron. Muna da tsohuwar saba a ɗan ɗakin da ke bayan risefshan mai Active Directory, a nan asalin sunayen ma'aikata suke, akwai wata manhaja a kanta da a da ake kira Azure AD Connect, tun da Microsoft ta canja sunan Azure AD zuwa Entra ID a 2023 ita ma ta koma Entra Connect, aikinta duk minti 30 ta kwashi abin da ya canja ta kai can wajen Microsoft. Duk akawun ɗin da ta wannan hanyar ya hau, sabar ce ke da iko da sunansa, dole a can za a gyara, a buɗe mutumin a Active Directory Users and Computers, a shafin General akwai gurbin sunan farko da na ƙarshe da Display name, kowanne sai an taɓa shi da hannu don gyara sunan ƙarshe ba ya canja wanda ke bayyana da kansa. Wanda ba ya son jiran rabin awa sai ya buɗe PowerShell, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, a sabar ya rubuta Start-ADSyncSyncCycle -PolicyType Delta, a gabana ya buga shi, kafin in gama haɗa masa shayi sabon sunan ya fito a burauza. Kamfanin da ba su da saba kuwa, kai tsaye a admin.microsoft.com ake yi, Users, Active users, ka danna mutumin, Manage contact information, ka rubuta ka adana, ko minti biyun bai kai ba.

Akwai wani abu kuma da ba za ka same shi a takardun Microsoft ba sai a irin ofishinmu. In an ɗauke wuta aka kashe janareto da yamma, inbatar ɗakin sabar ba ta kwana, sabar tana mutuwa, toh duk gyaran da aka yi dab da tashi in manhajar ba ta riga ta kwashe shi ba yana nan zaune har sai an kunna inji da safe. Sau da yawa abin da muke cewa sun yi jinkiri ashe wannan ne, kuma da sun faɗa mana tun farko da an huta da yawan kira.

Inda aka fi shan wahala shi ne bayan an gyara. Suna ya canja a can sama amma MD, shugaban kamfaninmu, ya leƙo ya ce, "Hajiya har yanzu fa tsohon sunan nake gani," ni kuma in ce ranka ya daɗe an gyara, shi kuma ga allon kwamfutarsa yana nuna min. Abin mamaki masu Basic da ke buɗe imel a burauza su suka riga kowa ganin sabon, manyan da ke da Outlook na kwamfuta su ne na ƙarshe. Dalili shi ne tsohon Outlook ɗin nan da yanzu ake kira classic yana ajiye kwafin littafin adireshi a cikin kwamfutar don ya yi aiki ko ba netwok, kuma sau ɗaya a awa 24 yake sauke sabo. Injiniyan ya nuna min inda ake tilasta masa, Send/Receive, sai Send/Receive Groups, sai Download Address Book, ya kuma gargaɗe ni cewa ko an danna in can ba a riga an haɗa sabon littafin ba tsohon zai sake saukowa, sai a ɗan ba shi lokaci. Ban da wannan akwai sunayen da Outlook yake kawo maka da ka fara rubuta harafi biyu a gurbin To, wannan jerin na kowa daban ne, daga mutanen da ka taɓa tura wa yake tara shi, ba ruwansa da gyaran admin, sai kowa ya kai linzamin kwamfuta kan tsohon sunan ya danna ɗan X ɗin da ke gefe. Na zaga tebur tebur ina nuna wa mutane wannan X ɗin saboda ita, don ban so wani ya ƙara tura mata saƙo da sunan da ta bari.

Teams, manhajar hira da mitin ta Microsoft, shi ma yana da nasa jinkirin, yakan ɗauki kwana ɗaya ko fiye, wani lokaci sai ka fita ka sake shiga. Tsofaffin saƙonnin da ta riga ta tura suna nan da tsohon suna a akwatin waɗanda suka karɓa, wannan ba mai iya goge shi, kuma ya faɗa mata gaskiya bai yi mata alƙawarin ƙarya ba. Kwastoman da ya yi sebin ɗinta a lambobin wayarsa ko a Gmail ɗinsa da tsohon suna yana iya ci gaba da ganin abin da ya ajiye har sai ya gyara da kansa. Sai sa hannun da ke ƙasan saƙo, wanda kowa yake mantawa, na kwamfuta daban na waya daban. Duk wannan bayanin bai fi a rubuta shi a rabin shafi a riƙa tura wa duk wanda aka gyara wa suna ba, na roƙe su su yi, har yau ba su yi ba, ni na zauna na rubuta da Hausa da Turanci na manna a allon sanarwa.

Maganar sunayenmu na Hausa ma sai da ta taso. Masu suna irin su Asma'u da Mu'azu da Sa'adatu da Isma'il, lokacin da aka zo gyaran gaba ɗaya da PowerShell sai layinsu ya riƙa faɗuwa, yaran suka ce wai tsarin ba ya karɓar wannan alamar a cire ta. Injiniyan ya duba ya ce tsarin yana karɓa sarai, su ne suka kewaye sunan da alamar zance guda ɗaya, sai ta cikin sunan ta rufe zancen tun bai ƙare ba, da suka sa mai biyu komai ya wuce. Da na biye wa yaran da yanzu mutanenmu suna yawo da Asmau da Muazu. Haruffa masu lanƙwasa ma, ɗ da ƙ da ɓ, sunan da ke bayyana yana ɗaukarsu lafiya lau, a adireshi ne ba sa shiga. Muna da masu sunan da ya fara da Ɗan, mun ba su zaɓi, wasu suka ce a sa musu yadda yake, wani ya ce a bar masa D don abokan hulɗarsa na Legas da na waje ba su da harafin a madanninsu in za su neme shi. Na ji daɗi da aka tambayi masu sunan maimakon a yanke musu.

Sai rigimar laƙabi. Wanda ya dawo daga Makka yana so a sa Alhaji, injiniyoyin gona suna so a sa Engr, wani ya gama digiri na uku yana so a sa Dr, kuma duk sun cancanta ba wanda ya ƙi. Matsalar ita ce littafin adireshi da harafin farko yake jera mutane, in ka biye sai rabin ofis ya taru a ƙarƙashin A da H. Shawarar da ya bayar ita muka bi, suna da sunan mahaifi kawai a sama, laƙabi da muƙami su tafi sa hannun ƙasan saƙo da gurbin Job title, kuma ya ce in bari MD ya sa hannu a takardar da kansa don kar a ce ni ce na hana wani girmansa, wannan shawarar ta ɗauke min surutu ba kaɗan ba. Muna kuma da mutum biyu suna ɗaya sunan uba ɗaya, ɗaya a sito ɗaya a kasuwanci, an sha tura wa na sito farashin da bai kamata ya gani ba. Yaran sun so su sa musu 1 da 2, ni na ce a'a a yi yadda muka saba tun a makaranta, a ƙara wa kowa sunan garinsu, ɗaya Bichi ɗaya Funtuwa, tun daga ranar ba a sake kuskure ba.

Wasu ma'aikata sun tambaya me ya sa ba za a bar kowa ya gyara sunansa da kansa ba a huta. A Exchange, ɓangaren imel na Microsoft, akwai inda ake buɗe wannan ko a rufe, cikin ƙa'idar izinin masu amfani, wani gurbi MyProfileInformation, mu dai namu ba zai yi aiki ba tunda sabar ce mai iko, amma ko da zai yi ba na so. A waya yawanci suna kawai kake gani ba ka ganin adireshi sai ka danna, kuma da wannan 'yan damfara suke cin mutane, su buɗe Gmail su sa sunan MD ɗinka su turo wa akawu cewa a biya wani mai kawo kaya yanzun nan ina cikin mitin. Irin wannan ya taɓa shigo mana, abin da ya cece mu shi ne alamar External da Outlook yake liƙa wa duk saƙon da ya fito daga wajen kamfani, wadda mutanen nan suka kunna mana tun farko ba tare da mun san ma akwai ta ba. Yarinyar akawun ta ga sunan oga da External a gefensa ta ɗauko waya ta kira shi. Wannan kaɗai ya biya kuɗin kwangilarsu na shekara, gaskiya a faɗe ta.

Wata ƙawata da ke aiki a wata ƙungiya a Kaduna su Google Workspace suke amfani da shi, wanda kafin Oktoban 2020 ake kira G Suite, na ga yadda take yi a admin.google.com, Directory, Users, Update user, in ta canja adireshi tsohon yana zama na biyu da kansa. Su ma ana ce musu a jira har awa 24, kuma a Gmail akwai sunan Send mail as a cikin saitin mutum wanda in ya taɓa rubuta wani abu da hannu a wajen sai an bi an gyara shi daban. Ba zan ce wani ya fi wani ba, abin da ya sa nata ya fi sauƙi shi ne ba su da saba a tsakiya kuma ita da kanta take da izinin yi.

Wannan izinin shi ne babban ƙorafina da kamfanin nan. Makullin Global admin, babban izinin da ke da iko da komai, yana hannunsu su kaɗai, mu masu kamfanin ba mu da ko ɗaya, sunan domain ɗinmu ma, wanda ke bayan alamar @ a adireshinmu, da imel ɗin wani ma'aikacinsu aka yi rajistarsa. Na nemi su ba ni User Administrator, ƙaramin izini ne da zai bar ni in gyara bayanan ma'aikata ba tare da na taɓa manyan saituna ba, aka yi ta min gobe jibi, da aka ba ni kuma sai na tarar ba ya min amfani a kan mutanen da ke saukowa daga saba, sai an ba ni wani izinin a cikin Active Directory ɗin kanta, wannan kuma manajansu ya ce ba ya cikin kwangila. Har sun taɓa sako mana kuɗin fita aiki a invois saboda gyaran harafi ɗaya da aka yi daga ofishinsu ba wanda ya taka ƙafa ya zo, sai da na ɗaga murya aka cire. Injiniyan da bakinsa ya ce min ofis mai girman namu ba ya buƙatar sabar nan don imel, tsarin Business yana ɗaukar har mutum 300 kuma mu ko kusa ba mu kai ba, in an raba mu da ita sunaye za su koma gyaruwa a burauza, amma ina lura duk lokacin da aka zo maganar a gaban manajansu sai a kawo wani zance, ina zargin kuɗin kula da sabar da muke biya duk wata ne ba sa so ya tsaya.

Amsa kira ma ba tabbas. In tikitinka ya faɗa hannun babban, ka huta, zai kira ka ya maimaita abin da ka nema da bakinsa kafin ya taɓa komai, ya gama ya turo maka hoton allo, washegari ya sake tambaya ko kowa yana ganin sabon. In ya faɗa hannun yaran kuwa sai addu'a, ba mugunta ba ce, suna da ladabi sosai, horo ne ba a ba su ba, kuma ana yawan canja su, da ka saba da wani ya fara gane ofishinku sai ka ji ya tafi. Ranar Juma'a daga sha biyu kar ka sa rai da kowa sai Litinin, alhali kwangilar ta ce har Asabar.

Wanda zai ɗauki irin wannan kamfanin, ko su ko wasu, ya yi musu tambaya ɗaya kafin ya sa hannu, ya ce ma'aikaciyata ta canja suna me za ku yi. In suka ce za mu buɗe mata sabon akawun mu goge tsohon, ya tashi ya ba su waje, don na ji inda aka yi haka mutum ya rasa saƙonnin shekaru da kalandarsa. In suka tambaye shi sunan da ke bayyana kawai ko har da adireshi, kuma akwai saba ko babu, toh ya zauna a yi ciniki. Ya tabbata an rubuta a takarda cewa akwai Global admin ɗaya a hannun mai kamfani, domain da sunan kamfani, gyaran suna da buɗe akawun da rufewa suna cikin kuɗin wata.

Kwangilarmu da su za ta ƙare ƙarshen shekara, na rubuta wa MD cewa a sabunta amma da sharuɗɗan nan uku da kuma ranar da za a cire sabar daga harkar imel. Akwatin sashen kasuwanci da kowa ke amfani da shi, wanda kwastomomi suka fi gani, har yanzu da sunan SALES DEPT 2 yake fita, shi ba ya ma bi ta saba, a admin center ƙarƙashin Shared mailboxes ake gyara shi, na sake tura musu tikiti a kai da safen nan.